Masu Riƙe da Ƙofa: Tarihin Rigingimun 'Yan Kasuwar Wasan Bidiyo

Na san wasu daga cikin 'yan'uwana ɗalibai za su yi mamaki, su ce wannan mujalla ta ƙungiyarmu an saba ganin nazarin waƙa da karin magana da tarihin masarautu a cikinta, me ya kawo zancen gem, wasan yara? To, mai karatu, ka yi mini uzuri, domin ni a gidan gem na tashi. Yayana yana da ɗan shago a wani lungu a Tudun Wada, da talabijin huɗu da akwatunan PlayStation 2 huɗu da benci biyu da ɗan janareta saboda ɗaukewar wuta. In na taso daga makarantar allo da yamma ni nake karɓar masa kuɗi, ni kuma nake raba faɗa in an ci wani ƙwallo ya ce hannun gem ɗinsa ne ya lalace.

Abu biyu suka tsaya mini a rai tun wancan lokaci. Na farko, a wasan ƙwallon kamfanin Konami da muke bugawa, in ka nemi Chelsea sai ka tarar an rubuta London FC, Arsenal kuwa North London, alhali 'yan wasan mun gane su sarai. Na biyu, wani ya zo ya buɗe shago daura da namu ya karya farashi, yara suka koma can, har Yaya ya yi kwana da kwanaki ba ya cin abinci sosai. Ana nan sai ranar wata Juma'a na gan su su biyu sun keɓe suna magana ƙasa-ƙasa. Washegari farashi ya zama ɗaya a shagunan biyu, kuma ya fi na da tsada. Yaran unguwa suka yi ta ƙorafi, amma ba su da inda za su. Sai da na shigo jami'a na fara bin tarihin wannan sana'a, na tarar ashe abin da ya faru a lungunmu shi ne manyan kamfanoni suka yi shekara hamsin suna yi wa juna, sai dai su nasu da lauyoyi da miliyoyin daloli.

Tun daga tushe da rigima aka fara. A cikin shekara ta 1972 kamfanin Magnavox na Amurka ya fito da akwatin gem na farko da ake haɗawa da talabijin a gida, mai suna Odyssey, wanda wani injiniya Ralph Baer ya ƙirƙiro. A watan Mayu na wannan shekara wani saurayi, Nolan Bushnell, ya je wurin da ake nuna akwatin a jihar Kalifoniya, ya ga wasan da ake buga ɗan ƙwallo tsakanin sanduna biyu. Bayan 'yan makonni shi da abokinsa Ted Dabney suka kafa kamfanin Atari, kafin shekara ta ƙare sun fito da Pong, watau wasan buga ɗan ƙwallo tsakanin sanduna biyu. Biri ya yi kama da mutum. Magnavox ya kai ƙara, a 1976 Atari ya nemi sulhu ya biya kuɗin izini. Amma kada mai karatu ya tausaya wa Atari, ko kuma ya yi saurin zaginsa, domin shi ma kafin nan kamfanoni barkatai sun kwafe Pong sun cika kasuwa da shi ba tare da sun ba shi ko anini ba.

Wata dabarar Bushnell ita ta fi ba ni dariya. A wancan zamani dillalan injinan wasa, irin waɗanda ake jefa wa kuɗi a shaguna, kowanne yakan nemi kamfani ya yi masa alkawarin ba zai sayar wa abokin gasarsa na gari ɗaya ba. Ke nan Atari rabin kasuwa kawai zai samu. Sai a 1973 Bushnell ya sa maƙwabcinsa Joe Keenan ya buɗe wani kamfani, Kee Games, aka bar jama'a suna zaton kishiyar Atari ce, har ana baza labarin wai sun saci ma'aikatan Atari. Alhali kuwa Atari ne mai shi. Wasa ɗaya sai a sauya masa suna, a sayar wa wannan dillali da sunan Atari, a sayar wa wancan da sunan Kee. A 1974 aka haɗe kamfanonin biyu, Keenan ya zama shugaban Atari. A kasuwarmu in mutum ya yi haka, yaudara za a kira ta ba wani kwana-kwana, amma har yau masu rubuta tarihin sana'ar da yawa wayo suke kiranta.

A 1976 kamfanin Warner ya sayi Atari a kan dala miliyan 28, a 1977 kuma aka fito da akwatin nan da daga baya aka sani da Atari 2600, wanda ake sauya wa kaset. A nan ne aka soma rigimar da ta fi kowace muhimmanci, domin daga ranar da akwati ya zama daban, kaset ya zama daban, sai tambaya ta taso: wa ke da ikon yin kaset ɗin da zai shiga wannan akwati? Masu tsara wasannin Atari albashi kawai ake ba su, ba a ko rubuta sunansu a jikin kwali, don kada wani kamfani ya san su ya janye su. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Takaici ya sa ɗayansu, Warren Robinett, ya ɓoye sunansa a wani ɗaki na asiri a cikin wasan Adventure, shugabanninsa ba su sani ba sai da wani yaro ya gano. A 1979 wasu huɗu, David Crane da Alan Miller da Bob Whitehead da Larry Kaplan, suka lissafa suka ga wasanninsu ne suka kawo fiye da rabin cinikin kaset na kamfanin, suka je wurin shugaba Ray Kassar neman a riƙa ba su kaso a kuma rubuta sunansu. Crane ya ba da labari cewa amsar da suka samu ita ce ba su fi mai haɗa kaset a ma'aikata daraja ba. Suka ajiye aiki, suka haɗu da Jim Levy suka kafa Activision, kamfani na farko da ya yi wa akwatin wani kaset ba da izininsa ba. Atari ya kai su ƙara a 1980, aka sasanta a 1982 a kan za su riƙa biyan la'ada. Ina roƙon mai karatu ya riƙe sunan Activision, za mu sake gamuwa da shi.

Da ƙofa ta buɗe sai kowa ya kutso kai, har kamfanonin da sana'arsu abinci ce suka shiga yin kaset. Kasuwa ta cika da algus. Atari da kansa ya ba wani mai tsara wasa, Howard Scott Warshaw, kimanin mako biyar ya gama wasan E.T. don a riski cinikin Kirsimeti na 1982. Iyaye suka gaji da sayen kaset mai tsada yaro ya buga sau ɗaya ya yar. Cinikin da ya kai wajen dala biliyan 3.2 a 1983 ya faɗo zuwa kimanin miliyan 100 a 1985. A 1983 kaɗai Atari ya yi asarar fiye da dala miliyan 500, ya kwashi kaset wajen 700,000 ya binne a juji a garin Alamogordo. Mutane da yawa sun ɗauka tatsuniya ce, sai da aka tona ramin a 2014.

Wanda ya gaji kasuwar shi ne Nintendo, tsohon kamfanin karta na birnin Kiyoto a Japan, wanda aka kafa tun 1889. Shi ma ya ɗanɗana zaluncin manya. A 1982 kamfanin fim na Universal ya kai shi ƙara wai wasan Donkey Kong satar King Kong ne, sai lauyan Nintendo, John Kirby, ya tono cewa shi Universal ɗin ne 'yan shekaru kafin nan ya tsaya a gaban kotu ya ce labarin King Kong ba mallakar kowa ba ne. Universal ya sha kaye. To amma da Nintendo ya fito da akwatinsa, Famicom a Japan a 1983, NES a Amurka a 1985, sai shugabansa Hiroshi Yamauchi ya nuna ya koyi darasi daga faɗuwar Atari. A cikin akwatin da ake sayarwa a Amurka aka dasa wani ɗan makulli, kaset ɗin da ba ya ɗauke da mabuɗinsa ba zai yi aiki ba. Duk mai son mabuɗi sai ya sa hannu a kan sharuɗɗa: ba zai fitar da wasa fiye da biyar a shekara ba, ba zai kai wasan ga akwatin wani kamfani ba sai bayan shekara biyu, Nintendo ne zai ƙera masa kaset, shi zai yanke yawan da zai ba shi, kuma sai ya biya tukuna. In kaya sun yi kwantai asararsa ce shi kaɗai.

A nan fa na daɗe ina tunani, domin maganar ba mai fuska ɗaya ba ce. Mu mutanen Zazzau mun san amfanin ganuwa da ƙofa. A da, fatake in sun iso gari sai sun biya kuɗi kafin su wuce da kaya, ba su kuma cika jayayya ba muddin abin da suka biya ya saya musu tsaro da rijiya da masauki. Kasuwar da ba ta da sarkin kasuwa, mai mudun ƙarya ne ke cin ribarta. Hujjar Nintendo ke nan, cewa shi yake tsare mai saye daga algus irin na 1983, kuma gaskiya ne kasuwa ta farfaɗo a hannunsa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne sharaɗin shekara biyun nan. Hana ɗan kasuwa kai hajarsa wata kasuwa ba ya gyara ingancin haja ko kaɗan, amfaninsa ɗaya ne, a kashe waccan kasuwar da yunwa. Mai gadin ƙofa daban, wanda ya toshe sauran ƙofofin gari don kowa ya bi ta tasa daban.

Waɗanda aka takura su ma ba waliyyai ba ne. Konami ya ga wasa biyar sun yi masa kaɗan, sai a 1988 ya buɗe wani kamfani da sunan Ultra Games ya sami wasu biyar, watau dabarar Bushnell ta dawo. Tengen kuwa, reshen Atari Games, da injiniyoyinsa suka kasa gane sirrin makullin, sai lauyoyinsa suka je ofishin rajistar haƙƙin mallaka na Amurka a 1988 suka ce ana shari'a da su a kan wannan makulli, suna bukatar kwafin bayaninsa. A lokacin babu wata shari'a, ƙarya suka yi. Da suka ƙera mabuɗinsu sai suka riga Nintendo zuwa kotu, suka nemi diyyar dala miliyan 100 wai ya kankane kasuwa. A 1992 kotun ɗaukaka ƙara ta ce kwance na'urar wani don a fahimci yadda take aiki ba laifi ba ne a kan kansa, amma wanda ya samo sirri ta hanyar ƙarya ba shi da bakin kāre kansa da wannan hujja. A wannan shekarar dai wata kotun ta ba ƙaramin kamfanin Accolade gaskiya a kan Sega, domin shi da guminsa ya gano sirrin, bai yi wa kowa ƙarya ba. A ganina waɗannan hukunce-hukunce biyu ko alƙalin gargajiya aka kai wa haka zai yanke.

Nintendo bai tsira ba shi ma. A 1991 hukumar kula da ciniki ta Amurka da wasu jihohi suka tuhume shi da tilasta wa kantuna kada su rage farashin akwatinsa. Aka sasanta a kan zai raba wa masu saye takardun rangwamen dala biyar-biyar, har na dala miliyan 25. Sai dai takardar ba ta da amfani sai in za ka sayi wani kaset na Nintendo, watau an ci mutum tara an ce ya biya da tallan kayansa. A 2002 kuma Tarayyar Turai ta ci shi tarar Yuro miliyan 149 saboda haɗa baki da dillalansa don hana a sayo kaya a ƙasar da suke da araha a kai inda suke da tsada. Da na karanta wannan sai na tuna da ranar Juma'ar nan da Yaya ya keɓe da maƙwabcinsa.

Shi kansa akwatin da ya ciyar da gidanmu, cin amana ne ya haife shi. Sony da Nintendo sun ƙulla yarjejeniyar yin akwati mai amfani da faifai tare. A watan Yuni na 1991 Sony ya sanar da duniya a wani bikin baje koli a Shikago, washegari Nintendo ya tashi a wuri ɗaya ya ce shi da Philips zai yi aiki. Sony ya haɗiye wulakancin, ya fito da PlayStation a ƙarshen 1994, ya janye kamfanonin da suka gaji da sharuɗɗan Nintendo. PlayStation 2 na shekara ta 2000 an sayar da fiye da miliyan 150. Amma Sony ma da ya hau, la'ada ya sa a kan kowane faifai, ya kuma sa nasa makullin. Batun London FC kuwa, amsarsa ita ce kamfanin EA mai wasan FIFA ya saye izinin amfani da gasar Firimiya ta Ingila shi kaɗai, sai ɗaiɗaikun kulob aka bar wa Konami. Mu a lungunmu mun fi son wasan Konami don ya fi daɗin bugawa, amma inda ake biyan kuɗin gaske suna ya rinjayi daɗi.

Na ce a riƙe sunan Activision. Wannan kamfani da aka kafa don a ba mai tsara wasa haƙƙinsa, a 2010 ya kori Jason West da Vince Zampella, shugabannin waɗanda suka ƙirƙiro Call of Duty, su kuma suka kai shi ƙara cewa ya kore su ne don kada ya biya su kasonsu. Sai a 2012 aka sasanta ana gab da fara shari'a. A 2023 Microsoft ya saye kamfanin baki ɗaya a kan kimanin dala biliyan 69. Haka kuma Epic Games, mai wasan Fortnite, a watan Agusta na 2020 ya yi wa Apple da Google tawaye a kan kashi 30 cikin ɗari da suke cira daga cinikin da aka yi a cikin wayoyinsu, suka fitar da wasansa daga kantunansu, aka tafi kotu. A 2021 mai shari'a Yvonne Gonzalez Rogers ba ta yarda Apple ya kankane kasuwa ba, amma ta hana shi toshe bakin masu wasanni daga nuna wa mai saye wata hanyar biya. A 2023 masu taya alƙali hukunci suka sami Google da laifi. Epic ya yi ta kiran kansa mai ƙwato wa ƙanana haƙƙi, alhali a watan Disamba na 2022 shi ma ya amince zai biya dala miliyan 520 saboda tara bayanan yara ba da izinin iyaye ba, da shirya maɓallai yadda mutum zai sayi abu bai yi niyya ba. Laifi tudu ne.

To mu fa, ina muke a cikin wannan tarihi? Tudun Wada dai Turawa ne suka yanka wa baƙi a wajen ganuwa, sai ka wuce Ƙofar Doka kafin ka ce ka shiga birni, kuma a wannan kasuwa ma a wajen ganuwa muke. Akwatin da yayyenmu suka fara bugawa kwaikwayon Famicom ne da ake ƙerawa a Taiwan da Sin, da kaset mai ruwan ɗorawa wanda aka rubuta yana ɗauke da wasanni ɗaruruwa, in ka duba ka ga kaɗan ne ake ta maimaitawa. Akwatunan Yaya huɗu duk an kai su wurin mai gyara ya karya makullinsu, faifansa kuwa ko ɗaya babu na asali, domin kuɗin na asali guda ya fi cinikin shagon na mako. Na daɗe ina kāre wannan da cewa waɗanda suka yi wasan ba su taɓa sa mu a lissafi ba, saboda haka ba su yi asarar komai ba. Har yanzu ina ganin akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma bakina ya mutu da na tuna cewa hannun da ke kwafar faifan Japan shi ne ya riƙa kwafar finafinan Kano, mai fim ya ci bashi ya yi aiki, kafin ya mai da kuɗinsa kwafi ya cika kasuwa. Su waɗannan suna da mu a lissafi, mu ne ma lissafin nasu gaba ɗaya. Dokar haƙƙin mallaka tana nan tun 1988, an sabunta ta a 2023, sai dai ban taɓa jin wani a lungunmu ya ambace ta ba. Yau kuma da 'yan Nijeriya suka soma yin nasu wasannin, irin su Maliyo Games da Hugo Obi ya kafa a Legas a 2012, abu biyu ke jiransu: mai ƙofa a can yana jiran la'adarsa, mu kuma a nan mun saba da kyauta.

Shagon Yaya ya mutu tun da wayoyin hannu suka yawaita, yanzu cajin waya yake yi da sayar da kati a wuri ɗaya. A hutun da ya wuce na zauna a kan tsohon bencin na ba shi labarin nan tun daga Bushnell har zuwa Epic. Da na zo kan tarar da aka ci Nintendo, na ce masa ai abin da suka yi da maƙwabcinsa ke nan. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Kai yaro ne a lokacin. Da ba mu daidaita ba, da ɗayanmu ya rufe, wanda ya rage kuma ya sa kuɗin da ya ga dama." Na ce, "Amma Yaya, ai kun sa kuɗin da kuka ga dama ɗin." Ya yi dariya ya ce da wannan kuɗin aka saya mini takalmin makaranta. Daga nan ya jawo littafin cinikinsa ya nuna mini yadda dillalin da yake sarar kati a wurinsa ya sake rage musu la'ada, ba shawara ba sanarwa, ya ce tunda na yi karatu in rubuta masa takardar koke, shi da sauran masu sayar da kati na layin za su sa hannu. Na rubuta. Mutum na biyu da ya sa hannu shi ne maƙwabcin nan nasa.